Kwana 12 a Ƙasar Khmer

Da na kira mahaifiyata daga Kuala Lumpur na ce, "Umma, hutun nan ba zan zo gida ba, za mu tafi Kambodiya aikin sa kai," sai ta yi jim, sannan ta ce, "To su can ba su da masu hannu ne, sai an ɗebo ku daga wata ƙasa?" Na ce ai har da karatu a ciki, za mu ga wuraren tarihi. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, kada in yi wasa da salla, kada kuma in ci abin da ban sani ba. Addu'ar na karɓa, amma tambayar ta maƙale mini a rai, da ita na hau jirgi.

Mu 14 ne, duk ɗaliban jami'a ɗaya, da malama guda da ta ja ragamar tafiyar. Yawancinmu 'yan Malesiya ne, sai 'yan Indunusiya uku, ɗan Sudan ɗaya, da ni. Tun a maganar biza hanya ta rabu. 'Yan Malesiya da Indunusiya ba sa buƙatarta, don ƙasashensu da Kambodiya ƙungiya ɗaya suke. Ni da ɗan Sudan sai da muka kai fasfo da takardar makaranta da shaidar tikitin dawowa tun saura makonni, muka biya dala 30, muka jira. Ban da kuɗin jirgi, kowa ya zuba dala 380 na masauki da abinci da mota da kayan aikin da za mu yi.

Ranar Litinin a ƙarshen watan Yuli muka tashi. Tafiyar awa biyu ce zuwa Siem Reap. Da jirgi ya fara sauka na leƙa ta taga, ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ruwa kwance ko'ina cikin gonakin shinkafa, ga wasu dogayen itatuwa tsaye ɗai-ɗai a kan kunyoyi. Sai da na ƙara dubawa na gane su. Giginya ce, irin tamu ta fadama, ko dai 'yar'uwarta ta jini. Ban taɓa zaton ita za ta fara tarbata a wannan nisan duniya ba.

A wurin duba fasfo abokan tafiya suka wuce fit-fit, ni aka ce in koma gefe. Wanda ya saba yawo da koren fasfo ya san wannan tsayuwar. An tambaye ni inda zan kwana da nawa ne a aljihuna, malamarmu ta dawo ta nuna takardun ƙungiya, bayan kamar minti 20 aka buga hatimi. Filin jirgin sabo ne, a 2023 aka buɗe shi, kuma yana da nisa da gari, mun yi kusan awa guda a mota kafin mu shiga.

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne kuɗi. Iri biyu ke yawo a hannun mutane, dalar Amurka da riyel ɗinsu, dala ɗaya kuwa ana lissafa ta riyel 4,000 a ciniki. Ka miƙa dala biyar, a ba ka canjin dala biyu da tarin riyel. Kuma ba sa wasa da lafiyar takardar dala. Wata mai shago ta ɗaga dala 20 ɗina sama, ta ga 'yar tsaga a gefe wadda ko ƙumba ba ta kai ba, ta mayar mini cikin murmushi. Na tuna irin naira 100 da ake liƙewa da salatif har sau uku a Kasuwar Rimi kuma ta ci gaba da aiki. Abin hawa kuma a-daidaita-sahu ne sak irin na Kano, sai wani nau'in da ake ɗaura wa babur keken zama a baya, shi ya fi iska da daɗin kallon gari.

Masaukinmu na daren farko yana kusa da unguwar Musulmi, don haka da magariba muka taka zuwa masallacin An-Neakmah. Musulmin ƙasar galibi 'yan ƙabilar Cham ne, Shafi'awa kamar 'yan Malesiya, da yawansu ma suna jin Malayanci saboda 'ya'yansu can suke zuwa karatun addini. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana tambaya daga ina. Na ce Najeriya, ya girgiza kai bai gane ba. Na ce Afirka, sai ya washe baki ya ce, "Bilal!" Duk sahun aka yi dariya, ni ma na yi, don na ji daɗinta har cikin raina. A wani gidan abinci na halal da ke layin muka ci amok, kifi ne da ake turarawa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi a cikin ƙoƙon ganyen ayaba.

Da safe wata matashiya daga ƙungiyar da za mu yi wa aiki ta zaunar da mu. 'Yar ƙasar ce, ta ce mu kira ta Bong, wato Yaya. Ta gindaya mana sharuɗɗa: ba a ɗaukar hoton yaro sai da izinin iyayensa ko malaminsa, ba a ba yara kuɗi ko alewa, kuma ba za a kai mu gidan marayu ba ko mun roƙa. Wata a cikinmu ta ce ita fa abin da ta fi ɗoki ke nan. Bong ta yi mata bayani a natse. Binciken da gwamnatinsu ta yi tare da UNICEF ya nuna yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke sa a miƙa su, kuɗin baƙi masu tausayi kuma shi ke sa gidajen ƙaruwa. Yaro ya shaƙu da baƙo mako guda, baƙon ya tafi, wani ya zo, haka rayuwarsa za ta yi ta tafiya.

Tana magana, ni hankalina ya koma Ƙofar Mata. Ina ɗan sakandare na taɓa ganin wasu Turawa sun tsayar da almajirai uku da robobinsu suna ɗaukarsu hoto, har ana gyara musu tsayuwa. Ran nan na wuni da ɓacin rai, ina cewa wa ya ba su izini, kuma ina za su kai hoton. Ga shi yau ni ne baƙon, wayata cike da caji a aljihu, kuma gaskiya tun a jirgi na riga na hango hoton da zan saka a Facebook, ni a tsakiya yara kewaye da ni. Na kashe wayar na jefa ta ƙasan jaka.

Ƙauyen da aka kai mu yana gabas da Siem Reap. Mun bi babbar hanya ta 6, sannan muka ratse kan jar hanya wadda ruwan sama ya mayar da ita kamar kunu, sau biyu muna sauka muna tura mota. Gidajen duk na katako ne a kan dogayen ginshiƙai. Sama wurin kwana, ƙasa kuwa nan rayuwa take: ragar lilo, gadon gora, murhu, babur, kaji, wani lokaci har saniya. Kowane gida da manyan randuna a jere suna tarar ruwan indararo. Ni da ɗan Sudan da wani ɗan Malesiya aka sauke mu gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Yeay, wato Kaka. Ta aske kanta ƙwal kamar yadda tsofaffin matansu masu yawan ibada ke yi, bakinta ja da abin da take taunawa, sai ka ce mai cin goro.

Nan na ga abin da ya kwantar mini da hankali. Khmer, wato ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, ba sa kiran babba da sunansa gatsal. Wanda ya girme ka kaɗan Bong ne, ƙarami Oun, sa'an mahaifinka Pu, sa'ar mahaifiyarka Ming, tsoho Ta, tsohuwa Yeay. Ni da na tashi da Yaya da Kawu da Gwaggo ban sha wahala ba ko kaɗan. Gaisuwarsu haɗa tafin hannu ce, gwargwadon girman mutum gwargwadon yadda za ka ɗaga. Ni nakan haɗa a ƙirji in rage tsawo kaɗan, yadda zan rusuna wa kakata a gida. Tambayar da za ka fi ji a hanya kuwa ita ce ko ka ci shinkafa, domin a bakinsu cin abinci da cin shinkafa kalma ɗaya ce.

Abinci shi ne abin da na fi fargaba, don naman alade ya yi yawa a girkinsu. Ashe tun kafin mu zo Yeay ta aika kasuwa an sayo sabuwar tukunya da kasko da ludayi, ta ware su gefe, ta hana jikokinta taɓawa. Ta hannun Bong ta gaya mana ta san mutanen Cham, ta san abin da ba sa ci. Kwana biyar kifi muke ci da ganye da ƙwai, shinkafa safe, rana da dare. A cikin miyar akwai wani ɗanɗano mai ƙarfi da na kasa ganewa, sai ta buɗe mini wata kwalba. Warin ya bugi hancina, 'yan Malesiya suka ja baya, ni kuwa na ce wannan ai daddawa ce. Sunansa prahok, kifi ne da ake dakawa da gishiri a ajiye shi watanni. Wanda ya san abin da daddawa ke yi wa miyar kuka ba zai raina shi ba. Duk da haka a rana ta huɗu da za a nuna mini malmalar tuwon masara da na ba da dala goma ban yi ciniki ba.

Aikin da ya kawo mu shi ne matatar ruwa ta gida. Wani magini da muke kira Pu shi ne malaminmu. Abin kamar dogon akwati ne na siminti, tsawonsa ya kai ƙugu. Ana zuba manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a kansu, sannan yashi mai laushi ya cika sauran. A sama akwai faranti mai huda-huda don kada ruwan da aka zuba ya tona yashin. Ruwan rijiya ko na kududdufi yana tsiyaya a hankali ya fito ta bututu. Sirrin yana saman yashin, inda bayan 'yan makonni wasu ƙananan halittu ke taruwa su riƙa cinye ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. Shi ya sa ba a barin yashin ya bushe, kuma dole a riƙa zuba ruwa kullum. Ba lantarki, ba wani abin da za a sayo daga birni idan ya lalace.

Wahalar tana wajen yashi. Mu tankaɗe, mu wanke, mu sake wankewa. Idan bai wanku ba ruwa ba zai wuce ba, idan ya wanku fiye da kima ruwa zai zarce da dattinsa. Pu yakan ɗebi kaɗan ya zuba a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya ɗaga ya duba, ya ce a ƙara ko a bari. Ba ya jin Turanci, mu ba ma jin Khmer, amma da "akun", wato na gode, da nuni da hannu muka yi kwana biyar. Mun kwaɓa siminti mun zuba guda tara. Biyu sun fito da tsaga saboda ba mu bubbuga ƙwaryar zubin sosai ba, iska ta maƙale a ciki. Pu bai yi faɗa ba. Washegari da asuba, ina alwala a gindin randa, na hango shi shi da ɗansa suna sake zuba biyun, sun gama kafin mu karya kumallo.

Daren nan tambayar Umma ta dawo mini da ƙarfi. Na zauna da ɗan Sudan muka yi lissafi a bayan littafi: kuɗin jirginmu mu 14 kaɗai da an miƙa wa Pu, da ya wadata ƙauyen da na kusa da shi da matatu, kuma ba tsaga ko ɗaya. Na kasa haƙuri na gaya wa Bong. Ba ta yi ƙoƙarin lallashina ba. Ta ce lissafin daidai ne, amma ba wanda zai aiko da kuɗin jirgin yana zaune a gida, kuma daga abin da muka biya ake ba Pu ladansa har ƙarshen damina. Ta ce, "Oun, ku ba magina ba ne, ɗalibai ne. Mu muka zaɓi aikin, mu za mu gyara idan ya ɓaci. Ku dai ku koya, kuma idan kun koma ku faɗi abin da kuka gani daidai." Mu Hausawa muna cewa baƙo raɓa ne. Na yarda da ita a kan wannan, kuma tun daga ranar na fi mai da hankali kan kallon hannun Pu fiye da ƙirga nawa muka gama.

Da yamma muna zuwa makarantar firamare. Azuzuwa ba su isa ba, don haka kashi biyu ake yi, wasu da safe wasu da rana, duk cikin farar riga da shuɗin siket ko wando. Ba a ba mu aji ba. Malamar, wadda yara ke kira Nekru, ita ke koyarwa, mu kuma a raba mu cikin yaran mu taya su furucin Turanci. Ranar farko darasi bai yiwu a rukunina ba, don yaran sun taru suna shafa hannuna suna duba yatsunsu, wani na tambaya ko ni ɗan ƙwallo ne. Ba mugunta a ciki, ba su taɓa ganin baƙar fata kusa haka ba. Wata yarinya ta rubuta mini sunana da haruffansu masu lanƙwasa, baƙaƙensu kaɗai 33 ne, ni kuma na rubuta mata nata da ajami daga dama zuwa hagu. Ta ɗauki takardar ta zagaya aji da ita.

Ranar Asabar ba makaranta gare mu ba, aka tafi dashen shinkafa a gonar wani maƙwabci. Suna da abin da suke kira provas dai, yau a taru a gonarka gobe a gonata, aikin gayya dai ba ragi ba ƙari. Nan ne kaɗai na yi abin a zo a gani, don dangin mahaifina mutanen Kura ne, na san yadda ake riƙe damin iri a hagu a dasa da dama ana ja da baya. Matan suka riƙa nuna ni suna shewa. Matsattsaku biyu sun kama ni a ƙwauri, wata Ming ta cire su da yatsa ko kallo ba ta yi ba.

Wani dare na rage shinkafa a kwano. Yeay ta jawo kwanon, ta tattara ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa ta cinye. Na ji kunya. Daga baya Bong ta gaya mini cewa tana budurwa lokacin mulkin Khmer Rouge, 'yan kwaminisancin da suka ƙwace ƙasar da bakin bindiga, daga 17 ga Afrilu 1975 zuwa 7 ga Janairu 1979. Suna noma shinkafa daga asuba zuwa dare, abin da ake ba su kuwa ruwan kunu ne da za ka iya ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Su bakwai iyayenta suka haifa, su biyu suka fita. Ita Yeay ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Ran da za mu tafi ta ɗaura mini krama a wuya, wani ƙyalle mai zanen dara da suke rawani da shi, su goge zufa, su goya yaro, ta shafa kafaɗata tana wata doguwar magana. Bong ta ce addu'a ce.

Da muka dawo Siem Reap ranar Lahadi aka kai mu cibiyar APOPO, masu neman nakiyoyin da yaƙi ya bari a ƙasa. Ma'aikacin ya fito rungume da ma'aikaciyarsu, ina ganinta na ce da ƙarfi, "Gafiya!" Ita ce dai, wadda yara ke haƙa a bayan gari. Daga Tanzaniya ake kawo su bayan an horar da su su shinshino sinadarin nakiya. Ba su da nauyin da zai tayar da ita, kuma ba ruwansu da tarkacen ƙarfe da ke ɓata wa na'ura lokaci. Filin da mutum zai yi kwanaki yana bincikawa, gafiya za ta gama shi cikin rabin awa, ladanta ayaba ko gyaɗa. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa har lambar zinare aka ba shi a 2020, kuma ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 kafin ya mutu a 2022. Na yi tunanin gonakin Borno da Yobe da mutane ke tsoron komawa saboda abin da aka binne a ciki.

Litinin muka yi sallar asuba muka fita zuwa Angkor, kufan babban birnin tsohuwar daular Khmer. Tikitin wuni ɗaya dala 37 ne, kuma sai an rufe kafaɗa da gwiwa ake shiga. Jama'a sun yi cincirindo a bakin tafki suna jiran fitowar rana, amma hadari ya rufe gabas, ba mu ga komai ba sai hasumiyoyin nan da ke jikin tutar ƙasar suna fitowa daga duhu a hankali. Hakan ma ya isa. Sarki Suryavarman na Biyu ne ya gina Angkor Wat a farkon ƙarni na 12 don bautar Vishnu na addinin Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha. An kewaye shi da ƙorama ta haƙa mai faɗin mita 190, duwatsun kuma daga tsaunin Kulen aka kwaso su, tafiyar kilomita kusan 40. Ni ba bauta ta kai ni ba, kuma ban rusuna wa komai ba. Na shiga ne da ayar da ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

Abin da ya fi riƙe ni ba Angkor Wat ba ne, Bayon ne, a tsakiyar birnin Angkor Thom wanda Jayavarman na Bakwai ya gina a ƙarshen ƙarnin. Kowa na ɗaga kai yana kallon manyan fuskokin dutse da ke duban kusurwa huɗu, ni kuwa bangon ƙasa na tsaya a kai. Masassaƙan sun zana rayuwar talakawa: mata a kasuwa, masu zakaran faɗa, mai girki a kan murhu, mace a kan gwiwa ana taya ta haihuwa, kifaye a ƙarƙashin jiragen yaƙin Khmer da Cham. Ga amalanken shanu irin wanda na gani a ƙauyenmu kwana biyu da suka wuce. Wannan sarkin ya gina asibitoci 102 a faɗin daularsa, haikalin Ta Prohm kuma, wanda saiwoyin itatuwa suka naɗe kamar macizai, don mahaifiyarsa ya gina shi. A hanyar shiga Ta Prohm wasu mutane na zaune suna kiɗan gargajiya, ƙafafunsu na roba jingine a gefe. Nakiya ce ta yi musu haka.

Ina zaune a kan wani dutse na tuna cewa a zamanin da ake ɗora duwatsun Angkor Wat, a Kano ma Sarki Gijimasu ya soma ginin ganuwa. Tasu ta dutse ce, tamu ta ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma nan na ga ma'aikata suna lamba wa kowane dutsen da ya faɗi don a mayar da shi gurbinsa, ƙasashe daban-daban sun raba gyaran a tsakaninsu tun da UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1992. Mu kuwa badala a kan idona aka yi ta gutsurarta ana yin shaguna da bulo. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har yanzu ma yana ci.

Talata muka je tafkin Tonle Sap, ƙauyen Kampong Phluk, inda gidaje ke tsaye kan ginshiƙan da suka fi bene tsawo. Da damina kogin Mekong kan cika har ya tura ruwan kogin Tonle Sap baya, ya koma yana malala cikin tafkin, tafkin ya ninka girmansa sau da yawa. Da rani ruwan ya juya. Daga nan kifin prahok ɗin Yeay yake fitowa. Da dare aka kai mu kallon rawar gargajiya ta fada, wadda 'yan mata ke lanƙwasa yatsu baya kamar ba ƙashi. Mai gabatarwa ya ce yawancin malaman wannan rawa sun mutu a zamanin Pol Pot, shugaban Khmer Rouge, 'yan kaɗan da suka tsira ne suka tattaro ta daga abin da suka haddace.

Laraba muka kama hanyar Phnom Penh, babban birnin ƙasar, kilomita 300 da 'yan kai, awa shida a bas. Ban ga shinge ko ɗaya da aka tsayar da mu ba, na yi ta jira har muka isa. Mun tsaya a Kampong Kdei mun ga gadar dutse ta zamanin Angkor da har yanzu babura ke bi ta kai, muka sayi kralan, shinkafa mai danƙo da wake da kwakwa da ake gasawa a cikin gora. A garin Skun mata suka kewaye mu da tire cike da soyayyen gizo-gizo, baƙaƙe manya kamar tafin hannun yaro. Ban ci ba, na tuna gargaɗin Umma, amma ban yamutsa fuska ba, don na san yadda baƙi ke kallonmu idan muna cin fara da yaji.

A Phnom Penh muka je Tuol Sleng, wadda makarantar sakandare ce kafin Khmer Rouge su mayar da ita kurkukun S-21. Wannan shi ya fi girgiza ni. Dogayen gine-gine masu hawa uku, baranda, filin wasa da bishiyoyi, kamar kowace makarantar gwamnati da na sani. A cikin ajin kuwa gadon ƙarfe ne da mari. An yanka wasu azuzuwan da bulo zuwa ƙananan akurki, an rufe barandar da waya mai ƙaya don kada wani ya faɗo ya huta da azaba. Katakon da ɗalibai ke motsa jiki a kai, a nan ake rataye mutum. Sai ɗakunan hotuna, fuska bayan fuska, kowa da lamba a ƙirji, har da mace rungume da jariri. Aƙalla mutum 12,000 aka shigar nan, waɗanda suka fita da rai ba su taka kara sun karya ba. Shugaban kurkukun, Duch, malamin lissafi ne a da. Na tsaya a wani aji da har yanzu allonsa ke bango, na tuna Nekru da yaranta. Gwamnatin da ta kashe malamai da likitoci, har sanya tabarau kan iya jawo wa mutum mutuwa, ta bar giɓin da har yau ake cikewa. A nan na gane dalilin da ya sa ƙauyenmu ke da yara da yawa da malamai kaɗan.

Da rana muka wuce Choeung Ek, inda ake kai fursunonin a kashe. Akwai hasumiyar gilashi cike da ƙoƙunan kai fiye da 5,000. An yi ruwa da safe, kuma a gefen hanya na ga tsummokaran tufafi suna leƙowa daga ƙasa. Tsakanin mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 suka mutu cikin ƙasa da shekara huɗu. A motar komawa ba wanda ya ce uffan.

Ranar Juma'a, ranarmu ta ƙarshe, muka yi salla a masallacin Al-Serkal, babba fari mai hasumiya biyu. Ya cika har waje. Na san daga abin da muka karanta cewa Khmer Rouge sun rushe masallatai, sun ƙona Alƙur'ani, sun tilasta wa Cham cin alade, sun bi limamai sun kashe, kuma a 2018 kotu ta samu Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da laifin kisan ƙare dangi a kansu. Kusa da ni wani tsoho ne da zai kai shekara 80, gefensa jikansa da ƙaramar hula yana gyara masa zama. Da liman ya ce "walad dallin" masallacin ya ɗauki amin gaba ɗaya, sai na ji hawaye na zubo mini, ban iya tsayar da su ba har muka yi ruku'u.

Da dare muka sauka Kuala Lumpur. Na kira Umma tun ina cikin motar makaranta. Na ce mata suna da masu hannu, har sun fi mu, na ba ta labarin Pu da kwalbarsa, da sabuwar tukunyar Yeay. Labarin gafiya ne dai ta ƙi yarda da shi sai da na tura mata hoto.

Bayan mako shida Bong ta aiko mana da saƙo ta Telegram. Matatu takwas suna aiki. Ta gidan Yeay ce ta riƙa tsiyaya da ƙyar, yashin bai wanku sosai ba, kuma na san rukuninmu ne ya wanke shi. Pu ya je ya kwashe ya sake zubawa. A hoton da ta haɗo, wanda ta ce Yeay ce da kanta ta ce a ɗauka a aiko mana, tsohuwar na tsugune a gindin ginshiƙi ta tara kofi a bakin bututun.